Zumuɗin Gwaggo

A gidanmu idan aka ce wa mutum zumuɗi ya yi masa yawa, ba yabo ba ne. Ana nufin jikinsa yana riga hankalinsa tashi, abu kaɗan ya hau rawar jiki. Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta shekara hamsin tana shan wannan kalma, kuma ko a jikinta.

Tela ce. Idan sabon yadi ya shigo shagonsu, sai ta bar keke ta hau shafa shi tana kiran kowa ya zo ya gani. Ranar da na ci jarrabawar gwaji, ba ma ta gaske ba, har titi ta fita tana tafi. Ba zan ɓoye ba, kunya take ba ni.

Sai Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Mai gyaran agogo ne, kuma hannun dama abin ya taɓa. Likita ya ce idan bai riƙa motsa yatsun kullum ba za su ƙage, ya yi sallama da sana'a. Baba ya juya fuska bango. Mu masu hankali muka yi ta lallashi da murya ƙasa-ƙasa, bai kula kowa ba.

Gwaggo ta zo ta ɗora murfin kwalba a tafinsa, ta zauna ta zuba ido. Rana ta biyar ta ƙwala ihun da ya sa na saki kofi.

"Ya motsa! Wallahi Yaya, babban yatsanka ya motsa!"

Mama ta leƙo. "Allah ya shirye ki. Numfashi ya yi."

"Numfashi a yatsa? Yaya, sake yi su ji kunya."

Baba ya harare ta, ya ce ta fita. Ina! Kullum ta tashi aiki tana gefen gadonsa, tana tsalle a kan abin da ba mai gani sai ita. Ta gaya wa maƙwabta, ta gaya wa mai kantin magani. Baba ya fara matsa murfin yana tsaki.

Bayan wata huɗu ya riƙe ɗan sukundirebansa da yatsu biyu ya buɗe bayan agogo. Na yi kuka sosai. Da na natsu na tambaye shi ko yatsan ya motsa da gaske a waccan rana.

"Bai motsa ba," in ji shi. "Amma tun safe nake ƙoƙari. Duk gidan nan ita kaɗai ta gane."