Turai da Faɗin Hanya

A Ruwan Gizo aka haifi Turai. Aure ya kai ta Talata Mafara, cikin wani lungu da ko jaki mai mangala sai ya karkace kafin ya wuce. Nan ta zauna tana suyar ƙuli-ƙuli, kuma ƙuncin lungun bai taɓa damunta ba sai ranar da za a kai kayan ɗakin 'yarta Hanifa. Gado ya fito daga gida lafiya, ya zo kwana ya cije. Aka tura, aka ja, ya ƙi. Daga ƙarshe ta kan katangar maƙwabci aka tsallakar da shi, mata na guɗa suna shan dariya. Turai ma ta dara, amma abin ya tsaya mata a rai.

Da ƙaramar hukuma ta kira jama'a kan sabuwar unguwar da za a yanka a bayan gari, da wuraren da za a bar wa gonaki da makarantu saboda masu tasowa, sai ta sauke kaskonta ta tafi. Bayan an gama doguwar gaisuwa ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, wagga hanya da za ku fitar, gado na wucewa?"

Jami'in filaye, Malam Mas'udu, ya yi murmushi. "Inna, har motar kashe gobara."

"To, in kun tafi, wa zai hana mutane cinye ta da gini?"

Ya ce wannan kam sai da taimakon 'yan gari. Kafin a watse an sa ta cikin kwamitin da zai kula da hanyoyin sabuwar unguwar.

Wanda ya fara shigo da harsashin gininsa cikin hanya ɗan wanta ne, Sirajo. Turai ba ta yi masa faɗa ba. Ta ɗauko tirenta ta zauna a kan bulonsa tana ciniki, magina na tsaye.

"Gwaggo, taku ɗaya ne fa!"

"Ai kowa da taku ɗaya yake farawa, ɗana."

Da azahar ya haƙura ya ja baya, har ya saya wa maginan ƙuli-ƙuli.

Turai ba ta da ko fuloti a unguwar. Yanzu gwiwa ta fara ciwo, a babur ake kai ta zagaye. An ce wasu mata a Bakura da Maradun sun aiko ta je ta yi musu bayani, ta amsa, amma sai bayan damina, don tana son ta ga yadda sabuwar magudanar ruwa za ta yi.