Torfi Mai Tauraro Ɗaya

Torfi Bergsson mijin yayata Steinunn ne. Ranar da ta fara kawo shi gidanmu, bayan ya tafi, babanmu ya ce yaron nan bakinsa ya fi hannunsa aiki. Yau furfura ta rufe wa Torfi kai, amma ban ga abin da ya ƙaryata tsohon ba.

A garinmu, nan gaɓar Strandir ta ƙasar Iceland, namiji ko dai ya shiga teku ko ya yi kiwon tumaki. Torfi ya gwada teku, ya yi ta amai har sai da mai jirgin ya juyo da shi. Tumaki kuwa atishawa suke sa shi. Sai ya kama aiki a masana'antar jatan lande, da aka rufe ta ya koma tuƙa motar kwashe dusar ƙanƙara. Wannan aikin hunturu ne. Da bazara ba shi da abin yi sai jiƙa jikinsa a kwarmin ruwan zafi na wurin iyo, yana gyara wa gwamnati kurakuranta.

'Yarsu Bryndís ce ta jawo mana abin, ba da gangan ba. Wata Kirsimeti ta ba shi kyautar littafi don tsokana. Wata Ba'amurkiya ce ta rubuta shi a kan runa, tsoffin haruffan nan da kakanninmu suke sassaƙawa a jikin itace da dutse. A ciki matar ta ce wai mu mutanen Iceland ba ma fita teku sai mun watsa duwatsun runa a kan farin ƙyalle mun duba sa'a. Muka yi ta dariya muna cin kyafaffen naman rago. Kowa ya manta, ban da Torfi. Ya shiga shafin intanet inda masu karatu ke faɗin ra'ayinsu a kan littattafai, ya ba littafin tauraro ɗaya cikin biyar, ya rubuta da gurgun Turancinsa cewa matar ba ta taɓa jin warin kifi ba. A ƙasa ya sa hannu: Torfi, jikan matsafin Strandir.

Gaskiya ne an ƙona mutane a yankin nan kan zargin tsafi, shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Gaskiya ne kuma Torfi jinin ɗaya daga cikinsu ne. To, ni ma haka, da mai sayar da fetur, da limamiyar cocinmu, da rabin mutanen da ke kwance a maƙabarta. Mu nan 'yan kaɗan ne, kowa ɗan'uwan kowa ne. Amma mutanen intanet ba su san haka ba. Suka yi caa a kansa. Wai ga na ainihi ya bayyana.

Ni nake kula da ɗan ɗakin karatu na garin, saboda haka na leƙa shafin in ga su wane ne waɗannan mutane. Ban taɓa ganin taron shashashai irin wannan ba. Wata ta ba wani littafi taurari biyar don ta sa harafi a ƙarƙashin matashi ta kwana, washegari aka kira ta aiki. Wani ya ba da biyu don jakar duwatsun da aka haɗo da littafin ta zo da harafi ɗaya a fashe, yana tambaya ko wannan muguwar alama ce. Wata ta ce ba ta karanta ba tukuna, amma tana jin ƙarfi na fitowa daga bangon. Akwai masu faɗa a kan ko ya halatta a yi duba da runa na roba. Manya da su, wasu da jikoki.

A tsakiyar waɗannan Torfi ya zama sarki. Ya dinga odar littattafan nan ɗaya bayan ɗaya, yana yanka su. Ba wanda ya taɓa samun tauraro biyu a hannunsa. Wannan ɓarawo ne, wancan ɗan kasuwa ne, waccan kuwa ta koyi tsafinta a ɗakin gyaran gashi. Idan wani ya kuskura ya yi musu, sai ya amsa da layi ɗaya: "Kai a ina aka ƙona kakanka?" Shi ke nan, mabiyansa su yi wa mutumin rubdugu.

Yakan zo wurina ya ari littattafan masana na gaske, masu nauyin nan da jami'a ta buga. Idan ya dawo da su, takardar da ya sa alama ba ta taɓa wuce shafukan hotuna ba.

"Ka gama, boka?" nakan tambaye shi.

"Halldóra, irin wannan ilimin ba a takarda yake ba. A jini yake."

"To, ka daina ɓata min takarda da man shanu."

Ya tara gemu. Ya sa Steinunn ta saƙa masa baƙar rigar ulu mai haruffa a ƙirji. Ya tsaya a bakin teku cikin itatuwan da igiyar ruwa ta kawo, ya haɗe rai, Bryndís ta ɗauke shi hoto. Mutumin da ke rera waƙar coci da muryar maza kowace Ista, wanda in ya ga ɓera a rumbu sai ya kira matarsa.

Da bazara baƙi suka fara zuwa, su yi fakin motar haya a ƙofar gida, su tsaya suna kallon tagar kamar wurin ibada. Steinunn ce ke dafa musu kofi, ta soya musu fanke, ta wanke kofuna bayan sun tafi. A cikinsu wanda ya fi naci shi ne Kyle, wani ma'aikacin kantin magani daga jihar Ohio ta Amurka, mai kiran kansa Kyarkeci. Ƙato ne, ya yi zanen runa tun daga wuya har yatsu, amma muryarsa 'yar siririya. Ya kwana a ɗakin Bryndís, ya cinye mana busasshen kifi, da zai tafi ya rungume Torfi yana hawaye.

Shi ne ya fara cewa Torfi ya rubuta nasa littafin. Sauran suka kama. Kai ne ka san gaskiyar abin, me kake jira?

Torfi ya shafe hunturu biyu yana rubutawa. Bryndís ta gyara masa Turanci, aka buga a intanet, hotonsa na bakin teku a bango. Na karanta shi tas, don aikina ne, kuma don ina son in ga ƙarshen rashin kunya. Rabinsa abubuwan da ke cikin littattafan da ya zaga ne, ya juya musu riga. Sauran rabin kuwa sirrin da wai kakarsa Jórunn ta koya masa a ɓoye. Na san Jórunn. Mace ce da ba ta yarda a yi fito a gidanta ranar Lahadi, kuma abin da na ga ta koya wa Torfi shi ne yadda ludayi yake sauka a ƙeya.

Da farko yabo ya yi ta zuba. Torfi ya daina zuwa wurin iyo, yana zaune gaban kwamfuta yana sabunta shafi. Daga nan sai sauran suka iso. Wata 'yar Sweden ta jero wuraren da ya kwafo, shafi da shafi. Wani ya ce ya zana hatimin farin jini kamar yadda littafin ya ce, amma matarsa ba ta dawo ba. Wani ya ce mutumin bangon ya yi kama da direban bas da aka kora. Duk waɗannan Torfi ya shanye su, ya ce hassada ce.

Sai Kyle ya rubuta nasa. Taurari biyu. Layi ɗaya kacal: "Mutumin kirki ne, matarsa ta iya fanke, amma na zaci ya fi haka sani."

Steinunn ta ce min ranar ko abinci Torfi bai taɓa ba. Ya yi ta zagaya kicin yana cewa, "A gidana ya kwana. Kifina ya ci."

Washegari da hantsi ya ɗauko doguwar sanda daga itatuwan bakin teku. Ya ƙudura zai kafa sandar la'ana irin ta mutanen da, wadda ake ɗora wa kan doki a juya fuskarsa wajen abokin gaba. Ya je wurin maƙwabcinsa Ketill, mai tumaki da 'yan dawakai, ya tambaya ko akwai dokin da za a yanka kwanan nan. Ketill ya dube shi sama da ƙasa ya rufe ƙofa. Sai Torfi ya koma ya ɗauko busasshen kan kifi daga rumbu. Ya sassaƙa haruffa a jikin sandar yana kwafa daga littafin kansa, ya haƙa rami a bayan gida, ya kafa. Da wayarsa ya nemo saitin Ohio, ya juya bakin kifin can.

Saitin Ohio daga bayan gidan Torfi ya bi ta tsakiyar garken Ketill, kuma lokacin haihuwar tumaki ne.

Ina gidan lokacin da Ketill ya iso a kan tarakta. Ko kashe injin bai yi ba.

"Torfi! Mene ne wannan ke hararar tumakina?"

"Ba da kai nake ba. Da wani nake a Amurka."

"To, ka faɗa wa kifin naka, don shi garkena yake kallo."

"La'anar za ta wuce ta sama. Ba ta tsayawa a hanya."

"Ta sama? Ka taɓa ganin kifi ya tashi? Ni ban yarda da shirmen nan ba ko kaɗan, amma in tunkiya ɗaya ta yi ɓari, wallahi kai zan kafa a ramin nan."

"Ketill, ka yi hattara. Ba ka san abin da kake taɓawa ba."

"Na sani mana. Abincin miya ne."

Ya ɗaura igiya, ya ja, sandar ta fito kamar ruɓaɓɓen haƙori. Hankaki suka sauko suka yi wa kan kifin kaca-kaca. Ni da Steinunn muna tsaye a taga. Ni dariya har da riƙe ciki, ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba.

Da a nan abin ya tsaya, da mun huta. Amma kafin Ketill ya iso Torfi ya riga ya ɗauki hoton sandar ya aika wa Kyle, ba tare da ko kalma ɗaya ba. A makon nan Kyle ya zame a banɗaki ya gurɗe ƙafa, kyanwarsa kuma ta ɓata. Ƙaton nan ya firgita. Ya goge abin da ya rubuta, ya mayar da taurarin zuwa biyar cur, ya bi da doguwar ban-haƙuri, yana gargaɗin jama'a cewa mutumin nan ba abin wasa ba ne. Littafin ya shiga kasuwa fiye da da. Waɗanda suka yi masa ba'a wasunsu suka janye a sace.

Duk shekarun nan ban taɓa ɗauka Torfi ya yarda da abin da yake faɗa ba. Na ɗauka son a san da shi ne kawai, irin na mutumin da bai taɓa iya komai ba. Amma daga ranar ya yarda. Ya shigo ɗakin karatu idanunsa na ƙyalli.

"Kin gani? Yanzu me za ki ce?"

"Na ce banɗakin Ohio yana da santsi."

"Yi ta dariya. Ke ma jinin nan ne a jikinki, tsoro ne ya hana ki."

Likita ya daɗe da ɗora shi a kan maganin hawan jini. Torfi ya daina sha, bai gaya wa kowa ba. Ya sassaƙa wani hatimi a guntun itace ya rataya a wuya, ƙarƙashin rigar ulu, wai shi ne kakanni suke tsare zuciya da shi. Ƙwayoyin kuwa yana zubawa a masai. Wata rana da kaka, suna cin abincin rana, cokali ya faɗi daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Steinunn ta kira motar asibiti. A can, da suka cire masa riga, suka ga guntun itacen, aka miƙa mata shi a cikin leda tare da agogonsa.

Ya rayu. Hannun dama ya yi rauni, magana tana fita a hankali, aikin tuƙi ya ƙare. Na je duba shi bayan an sallamo shi. Yana zaune a kujerar bakin taga, an aske gemun, ya rame, ya koma kamar yaron nan da babanmu ya raina. Na matsa kusa, na kama hannunsa. Ya sunkuyo, ya yi ta kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"'Yar Sweden ɗin nan ce," ya ce. "Ita ta jefe ni."

Na saki hannun.

Steinunn ta shigo da ruwa da ƙwayoyi a tafin hannu. Shekarunta sun haura sittin, bayanta na ciwo, ita ke yi masa wanka yanzu. Ta zuba masa maganin a baki, ta ba shi ruwa, ta jira ya haɗiye.

"Buɗe," ta ce.

Ya buɗe. Ta kama haɓarsa kamar yadda ake kama tunkiya, ta leƙa ƙarƙashin harshe, ta leƙa kumatu biyu, sannan ta sake shi ta tambaye ni ko zan sha kofi.