Ƙullin da Ɗan Juma ya yi wa Ilya

Ilya ɗan masunta ne daga Gaya, bakin kogin Kwara. Ya zo Lyon yana saurayi, ya tsufa a masana'antar sinadarai ta Saint-Fons inda muka yi aiki tare. Duk Lahadi, yayin da mu mutanen unguwar Minguettes muke ramuwar barci, shi yana tsaye cikin kogin Ain, ruwa har gwiwa, yana irin fatsar Turawa: a yi wa ƙugiya ado da gashin tsuntsu ta yi kama da ƙwaro, a wurga ta da siririn zare ta sauka kan ruwa. Mun yi masa dariya har mun gaji. Ɗan masunta guda, wai yana yaudarar kifi da gashin zakara.

In ka kuskura ka tambaye shi ƙulli, ka shirya zama. Zai ce kada ka yi rowar naɗi. Ka jiƙa ƙullin da miyau kafin ka ja, don busasshen zare yana ƙona kansa. Ka ja a hankali, ka gwada da ƙarfi, kuma in za ka yanke saura ka bar masa ɗan wutsiya.

Wajen 2012 ciwon sukari ya taɓa masa ido. Yana ganin kogi, yana ganin hanya, amma ramin ƙugiya ya ɓace masa. Sai amininsa Ɗan Juma, mutumin Maraɗi mai sayar da atamfa, wanda da ma shi ke kai shi a mota, ya karɓi aikin ɗauri. Ilya ne ya koya masa, kuma har yana yabonsa a gabanmu.

A lokacin an riga an sa doka a wurin da suke zuwa, cewa duk kifin da ka kama sai ka mayar da shi ruwa. Ilya ya ce shi bai san wannan ba, rabon da Allah ya kawo hannunka ba a jefar da shi. Ɗan Juma kuwa matsoraci ne na gaske, ko hular mai gadin kogi ba ya son hangowa.

Daga nan kifi ya daina zuwa gidan Ilya. Ƙanana ba ya ɗauka, manya kuwa da sun ja sai zare ya dawo babu ƙugiya. Nan da nan Ɗan Juma zai cafke bakin zaren, ya yanke, ya ɗaura wata, yana cewa, "Ka cika ja da ƙarfi, tsoho." Ilya ya yarda. Mutumin da ke cika mana kunne ya koma shiru a wurin shan shayi. Da bakinsa ya ce mini hannunsa ya mutu, gadon ubansa ya bar shi. Shekara biyu yana wannan baƙin ciki.

Ran nan wani babban kifi ya tsere masa, Ɗan Juma kuma ya hau tudu yana sallar la'asar. Ilya ya jawo zaren da kansa, ya bi shi da yatsa har ƙarshe. Zare in tsinkewa ya yi, bakinsa a miƙe yake zama. Wannan kuwa a nannaɗe yake, alamar ƙulli ne ya zame. Ya lalubi sandar fatsar Ɗan Juma da ke jingine, ya ja ƙugiyarta da iyakar ƙarfinsa, ko motsi ba ta yi ba.

Da Ɗan Juma ya sauko, Ilya ya miƙa masa zaren. "Mi ne ne wanga?"

Ɗan Juma bai yi musu ba. Ya ce yana rage naɗi, yana yanke wutsiyar ƙaƙaf. "Don kai na yi, Ilya. In mai gadin kogi ya kama ka da kifi cikin jaka fa? Ga takardun zamanmu, ga iyali."

"Da ka faɗa mini, da mun yi faɗa mun gama," in ji Ilya. "Kana zaune ina cewa na ƙare, kana zuba mini shayi."

Wasu a unguwa sun ce Ɗan Juma taimako ya yi. Ni ban ga taimako ba, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Tsoron hukuma kowa yana da shi a ƙasar nan, amma mutum ya ba ka amanar idonsa.

Ilya ya koma zuwa kogi a jirgin ƙasa shi kaɗai, yana ɗauri da lalube da zare mai kauri wanda kifi ke gani ya kauce. Ɗan Juma ya mayar da kasuwancinsa Paris. Da Babbar Sallah ya zo gaisuwa, ina zaune. Ilya ya tashi ya ba shi hannu, ya tambayi hanya, gajiya, iyali, kasuwa, sanyin Paris, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya juya wurin matarsa Hassia ya ce, "A kawo ma baƙo ruwa."