Hudu Mai Falwaya

Idan ka shigo Garin Ɗalha ta hanyar Gagarawa, falwayoyin katako ne za su fara tarbarka, a jere tsaf kamar jiya aka kafa su. Waya ce kawai babu a kansu, kuma ba a taɓa sa ta ba. Mai kula da su Hudu ne, taubashina, don haka ina da izinin faɗar abin da na ga dama a kansa.

A Gumel ya koyi walda. Shekarar da wani ɗan kwangila ya kafa falwayoyin, ya ce waya da taransifoma suna hanya, Hudu ya kwaso injinsa ya dawo gida, wai me zai zauna yi a shagon wani alhali wuta ta zo ƙofar ɗakin uwarsa. Mai gari ya kira shi ya ce, "Tunda kai ka san harkar wuta, amanar waɗannan tana hannunka har a kawo waya." Hudu ya ce ya karɓa. Da ma mai ɗan sakaci aka ba!

Ɗan kwangila bai dawo ba. Hudu kuwa ya riƙe amana hannu bibbiyu. Yana zuba baƙin mai a gindinsu saboda gara, yana nome ciyawar da ke kewaye kafin a fara ƙona gonaki, wanda ya kuskura ya ɗaure jaki a jikin ɗaya kuwa sai an shiga tsakani. Wansa Abdulƙahhar ya samo masa wuri a Maigatari, inda manyan motoci ba sa rabuwa da karaya, Hudu ya ce ba za shi ba, kada a kawo waya ba ya nan. Ya koma noman gero da riɗi, har furfura ta fito masa, injin walda yana cikin buhu. Matarsa Turai ta yi magana har ta gaji.

Maƙwabtanmu na Tsamiyar Kawu su ma an kafa musu, amma ba su naɗa kowa ba. Gara ta ci wasu, wasu suka zama ginshiƙan rumfar kasuwa, sauran suka tafi a murhu. Mun sha yi musu dariya, ni ce ma a gaba.

Bara wani kamfanin sola ya zo neman ƙauyen da zai ba wuta. Tsarinsu ba wuya: farantan rana a fili ɗaya, batura a ɗaki ɗaya, gajerun wayoyi zuwa gidaje da shaguna, ba sai an jawo layi tun daga Gumel ba. Da rana har injin walda yana ɗauka. Hudu ya sa kayan Juma'a ya zagaya da injiniyarsu, wata Ummulkhair, yana nuna mata falwaya ɗaya bayan ɗaya, a zatonsa ya rage musu rabin aiki.

Ta ce, "Malam Hudu, waɗannan na gwamnati ne, ba za mu rataya wayarmu a kansu ba. Kuma duk inda layin gwamnati yake tsaye ba ma shiga, don ranar da aka kawo waya mun yi asara."

Tsamiyar Kawu suka kai wutar. Yanzu can matanmu suke zuwa niƙa.

Samarinmu suka ɗauko gatari za su sare falwayoyin. Mai gari ya hana, ya ce kayan hukuma ne, kuma ko ɗaya ya faɗi, wanda aka ba amana za a kama. Hudu ya je sakatariya, aka ce masa kwangilar ba ta mutu ba, ya ƙara haƙuri. In ya bar su ba sola, in ya sare su sai gidan yari. A masallaci ma ba kowa ke amsa gaisuwarsa da daɗin rai ba.

Rannan ya bi injiniyar har Tsamiyar Kawu. Na tare shi a hanyar dawowa da tsokanata a baki, amma da na ga fuskarsa sai tausayi ya kama ni. Na ce, "Me ta ce?"

Ya ce, "Na tambaye ta, in suka ruɓe suka faɗi da kansu fa? Ta ce to ana iya magana. Sai ta ce amma ta duba su da kyau, wanda ya kula da su ya iya aiki. Wai sai sun ga jikokina."