Rabin Zagayen Marlys

Shekara talatin da ɗaya Marlys Tollefson ta yi a ɗakin wankin wani otal a Fargo, ba ta taɓa tashi aiki ta bar zanen gado ko ɗaya a kwando ba. Abin da aka fara a gama, iyakar karatunta ke nan. Sai ciwon da likita ya kira fibromayaljiya ya kama ta. Jiki ko'ina tsami kamar an lakaɗa mata duka, gwaji kuwa bai nuna komai. Likita ya ce ta riƙa tattaki. Ta ce to.

Da sanyi ba mai taka titi, don haka ta shiga sahun masu zagaya cikin babban ginin kantuna da safe, kafin a buɗe shaguna. Ranar da ta tashi da sauƙi, sai ta yi zagaye biyar. Washegari ko kofi ba ta iya ɗagawa. Ta yi kwana huɗu a kwance, ta dawo ta sake biyar don ta rama. A karo na uku ta jefa takalman bayan ƙofa, ta ce ta daina.

Verna Kubischta, tsohuwar direbar bas ɗin makaranta, irin ciwon ne da ita, amma shekara tara tana zagayen nan. Ran Talata ta faka a ƙofar gidan Marlys tana danna hon.

"Ke tsohuwa, mutuwa kika yi ba a gaya mana ba?"

"Tafi abinki, Verna. Na gwada, jikin ya ƙi."

"Jiki bai ƙi ba, kanki ne dai kamar dutse. Shigo, mai nake ƙonawa."

Sun yi rabin zagayen farko ke nan, Verna ta zauna a benci gaban shagon takalma. Ta ce, "Nan muka tsaya."

"Rabi? Ai ko gumi ban yi ba."

"Shi ya sa."

"Ni ban taɓa barin aiki rabi ba."

"To uwar 'yan wanki, gaya mini. In aka danƙara wa inji kaya har baki don a gama da wuri, me ke faruwa?"

Sabbin ma'aikata nawa Marlys ta yi wa faɗa a kan wannan? Can ta ce, "Bel ɗin injin ya tsinke. A kwana uku ana jiran bakanike."

"To zauna."

Ba ta zauna nan take ba. Ƙafafunta na so, ga wani dattijo da sanda ya wuce su yana ɗaga hannu. Kunya ta rufe ta. Da ƙyar ta zauna, idonta ya ciko. Verna ba ta kalle ta ba, ta dai ciro biredin kirfa daga jaka, ta ɓallo rabi ta miƙa mata.

Washegari ciwon na nan, amma wanda ta saba da shi ne, ba mai danne mutum a gado ba. Ta sauko da ƙafa ɗaya, ta jira, ta sauko da ɗayar. Ita ta fara kiran waya.

"Kina ina? Bakwai ta kusa."

Verna ta ce, "Rabi fa, ba ƙari."

"Na ji, sarkin ragwaye. Zo ki ɗauke ni."