Tedin Safiatou Marar Ido

Duk wadda ta taɓa shiga falon Safiatou Issoufou a Germantown ta san kabad ɗin gilas da ke kusa da taga. Matan Nijar da ke zuwa mata barka da salla sukan tsaya a gabansa su riƙe baki, don inda ya kamata a ga jeren tangaran, tedi ne zaune reras, su goma sha tara, 'yan tsana masu siffar dabbar nan beyar, wasu ruwan zuma wasu ruwan ƙasa, kuma ko ɗaya ba shi da ido. In an tambaye ta sai ta ce, “Bon, ku sha shayinku tukuna.” Ba kowa take ba labarin ba, amma ga yadda abin ya faru.

Safiatou 'yar Zinder ce, 'yar baduku. Babanta yana ɗinka jaka da takalmi da kube a zaure. A gidansu ba a koya wa mace dukanci, amma wa ya isa ya hana ido gani? Ita ke shafa wa zare kaki, ita ke miƙa basilla, kafin ta gama lakwal, wato makarantar boko, tana iya ɗinkin da sai ka kai shi rana za ka ga inda allura ta bi. Ta auri Souleymane, suka zo Amurka, shi ya kama tuƙin motar kaya a kan titin 270, ita ta zama mai kula da tsofaffi a gidajensu. Shekara goma tana wanka da shafa mai da jera ƙwayoyin magani, ba wanda ya taɓa tambayarta ko hannun nan ya iya wani abu daban.

Sai aka tura ta Beltsville, gidan wata Baturiya mai suna Olive, 'yar shekara tamanin da huɗu, mijinta ya rasu, 'yarta Tracy tana can wata jiha. Da Safiatou ta buɗe ƙofa ta yi arba da abin da ke ciki, a'uziyya ta fara yi kafin gaisuwa. Tedi a kan kujera, tedi a kan talabijin, tedi a matakala, sun fi ɗari biyu, kowane ya zuba mata idon gilas ƙuri. Wasu tsohuwar ta saya a tafiye-tafiye, galibi ita ta ɗinka da hannunta, da yadin mohe, wanda ake saƙawa da gashin wata irin akuya mai santsi. Safiatou ta ce a ranta, yau ga gidan gumaka, Allah Ka fitar da ni lafiya.

Da azahar ta yi, ta shimfiɗa darduma a ɗakin ɗinki, sai ta ga kantar da ke alƙibla cike take da su. Ta yi salla gabanta da mutum-mutumi talatin? Ina! Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta juya musu fuska bango, ta yi sallarta, tukunyar miya ta tafaso a kicin, ta ruga, ta manta ba ta mayar da su ba.

Can da la'asar ta ji muryar tsohuwar. “Safi, zo ki gaya mini. Laifin me yarana suka yi aka sa su kallon bango?”

Safiatou ta zo da sauri. Ta ce a ranta shi ke nan, aiki ya ƙare tun ranar farko. Ta rusuna kamar yadda za ta yi wa uwar miji, ta yi bayani da Turancinta mai ɗingishi, cewa ba ta salla tana fuskantar abu mai siffar rai. Olive ta dube ta ta saman tabarau, sai ta fashe da dariya har da tari. Washegari da Safiatou ta ɗauko darduma ta tarar an riga an juya su duka. Tsohuwar ce ta bi su da sandarta a hannu ɗaya, tana ce musu su yi haƙuri minti goma ne. Tun daga ranar Safiatou ta koma kiranta Mama Olive, kuma ko sau ɗaya juyin nan bai makara ba.

Sannu a hankali tsoro ya fita, fahimta ta shigo. Wata rana tana karkaɗe musu ƙura ta tambaya wane yaro ne ke wasa da su. Mama Olive ta ce, “Wasa? Wanda ya taɓa su zai san ni!” Nan Safiatou ta gane. Ashe jere ne. Haka innarta take da kwanuka har rufin ɗaki a Zinder, ba a taɓa cin tuwo a ko ɗaya ba, amma ta san ranar da kowane ya shigo gidan da wanda ya kawo shi. Mace mace ce, ko a ina aka haife ta.

Abin da ya rage shi ne hannu. Sanyin ƙashi ya murɗe yatsun tsohuwar, tana ta kokawa da 'yar fatar da ake ɗinka wa tedi a tafin ƙafa, allura na zamewa. Safiatou ta yi kwana uku tana kallo, ranta na ƙuna, don 'yar baduku ba ta iya ganin ana wulaƙanta fata. Rana ta huɗu ta ce, “Mama, kawo.” Ta nemi guntun kyandir ta ja zaren a kai, ta huda, ta ɗinke zagaye tsaf. Mama Olive ta juya ƙafar ta sake juyawa, ta ce, “Ke, ina kika ɓoye wannan?”

Daga nan aka zama abokan sana'a. Tsohuwar ta koya mata a duba kwanciyar gashi kafin a zana, a yanka yadin ta baya da ɗan bakin almakashi don kada a aske gashin, a sa faifan katako a gaɓoɓi don hannu da wuya su riƙa juyawa, a cusa auduga da tsinke har kai ya yi tauri kamar ƙwallon goruba. Safiatou ta ƙware a duka, har da ɗinkin hanci. Amma da aka zo kan ido sai ta ajiye allura.

“Wannan ba nawa ba ne, Mama. Babana bai taɓa yi wa abu ido ba. Ya ce mai ba da ido ɗaya ne.”

Mama Olive ba ta ja magana ba. Ta ce, “To, jiki naki, ido nawa.” Haka suka yi shekara huɗu. Safiatou ta gama komai ta miƙa, tsohuwar ta zura doguwar allura ta cikin kai, ta ja idon ya nutse a gurbinsa, ta ɗaure a ƙeya, ta ɗaga shi sama ta ce, “To, sannu da zuwa.” Takan ce tedi ba ya zama kowa sai ya kalle ka.

A shekara ta biyar mantuwa ta fara. Mama Olive ta bar murhu a kunne sau biyu, Tracy ta zo ta yi kuka, ta samar wa uwar ɗaki a gidan kula da tsofaffi a Springfield, kusa da wata 'yar'uwarsu. Aka sa rana, ƙarshen wata. A lokacin akwai tedi ɗaya a kan tebur, na yadin mohe ruwan zuma da tsohuwar ta ɓoye shekara talatin tana cewa sai babban aiki. Su biyun sun san shi ne na ƙarshe. Safiatou ta gama jikin, ta miƙa. Mama Olive ta ɗauki allura, yatsu suka ƙi. Ta sake, idon ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin kabad. Ta ajiye tedin, ta juya kai wajen taga, ba ta ce uffan ba.

Wallahi wannan shirun ya fi roƙo ciwo. Safiatou ta koma gida da abin a ƙirji. In ta sa idon, ta taka maganar babanta da ke kabari. In ta ƙi, ta bar tsohuwar da ta yi shekara biyar tana juya mata tedi ta tafi da aikinta na ƙarshe makaho. Ta gaya wa Souleymane, ya ce, “Ki tambayi malamai mana.” Ta tambaya. Wani ya ce 'yar tsanar yara ba komai, wani ya ce ai wannan ba ta yara ba ce. Ta ce wa mijin, “Ka ga, sun maido mini kayana.” Kwana biyar tuwo ba ya mata daɗi.

Ana jibi tafiya ta yanke shawara. Ta shiga ɗakin ɗinki, an kwashe rabin kaya cikin kwalaye, ta durƙusa ta zaƙulo idon daga ƙarƙashin kabad, ta zura zare a doguwar allura. Ta ce Allah Ka ga zuciyata. Ta ɗora tsinin allura a gurbin ido ke nan sai ta ji sanda ta bugi ƙasa a bayanta.

“Safi, me kike yi wa tedina?”

“Zan sa masa ido, Mama.”

“Wa ya sa ki?” Tsohuwar ta tako da ƙyar ta zare allurar daga hannunta. Ranar hankalinta garau yake. “Ranar nan da idon ya faɗi na yi fushi, gaskiya ne. Daga baya na zauna na ce, Olive, ke sakarya ce. Tun farko wa kike yi wa shi? Naki ne. In na sa masa ido, kullum sau biyar za ki juya shi bango, ya ƙare rayuwarsa yana kallon fenti. Bar shi haka. Wannan zai zauna kusa da ke kina salla.”

Tsohuwar ta ɗaga shi sama da hannu biyu, fuskarsa ba komai sai hanci da baki, ta ce, “To, sannu da zuwa.” Safiatou, wadda ta yi wa tsofaffi da yawa rakiyar ƙarshe idonta a bushe, ta zauna daɓas a kan kwali ta yi kuka mai sauti.

Shi ne na farko a kabad ɗin nan, na tsakiya a kantar sama. Sauran goma sha takwas ita ta ɗinka bayan haka, ranakun da ba ta aiki, da tafin ƙafa na jar fata da ƙanwarta ke aiko mata daga Zinder. An sha cewa ta sayar, ta ce ba a sayar da jere.

Duk Lahadi Souleymane yana kai ta Springfield. Tedi ɗaya tak aka bar wa Mama Olive a kan durowar gefen gado. Yanzu ba ta gane Tracy, ba ta gane Safiatou, takan tambaye ta ko ita ce sabuwar nas. Lahadin da ta wuce suna zaune, Safiatou na shafa mata mai a yatsu, rana ta karkata a taga. Sai tsohuwar ta zare hannunta, ta miƙa da ƙyar, ta kama tedin ta juya masa fuska bango.

Ta ce masa, “Yi haƙuri, minti goma ne. Safi za ta yi salla.”

Safiatou ta tashi ta shimfiɗa dardumarta.