Muryar Baffa a Rediyon Gwamnati

A shekarar babban fari ina makarantar sakandare a Gumel, hutu kuma a ƙauyenmu nake yi, can bayan Gagarawa. Ni ba mai magana ba ne. In mutane sun taru gefe nake komawa da littafina, amma abin da aka faɗa a gabana ba ya ɓace mini.

Baffa, yayan mahaifina, shi ne bakin ƙauyenmu. Ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma ya san yadda ake yi wa manya magana. Da aka ce wakilin gidan rediyon gwamnati zai zo Gagarawa jin halin da ake ciki, dattawa suka ce shi zai je. Kowa ya ɗora masa saƙo: rijiya ta ƙafe, shanu suna faɗuwa, hatsin agajin da ake ta labari bai iso mu ba. Ni na raka shi, ni kaɗai.

Wakilin matashi ne, da rikoda rataye a kafaɗa. Ya kara wa Baffa abin magana a baki ya ce, "Baba, ya gida, ya dabbobi?"

Baffa ya amsa yadda ake amsawa: "Lafiya lau, alhamdu lillahi. Dabbobi sai godiya. Mun gode wa Allah, mun gode wa gwamnati da ta tuna da mu." A wurinmu ko gawa ce kwance a ɗaki haka za ka fara ce wa baƙo, sai an gama gaisuwa a shiga zance. Baffa ya gyara zama ya shiga zancen. Ya faɗi matattun shanun da ya ja da igiya zuwa bayan gari, da matan da ke tone gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi. Bai bar saƙon kowa ba. Ya yi magana har muryarsa ta dushe, wakilin yana ta gyaɗa kai.

Safiyar da za a sa shirin manoma, gari ya taru a ƙofar gidan mai unguwa, maƙwabcinmu, don shi kaɗai ke da rediyo. Mai gabatarwa ya ce makiyayan ƙasar Gumel sun yaba da ƙoƙarin hukuma. Sai ga muryar Baffa, tar kamar yana cikin akwatin: lafiya lau, dabbobi sai godiya, mun gode wa gwamnati. Sai kiɗa.

Aka yi ta jiran sauran. Kiɗan ya ƙare, aka shiga zancen takin zamani.

Wani dattijo, abokin Baffa tun suna kiwo tare, ya juyo ya ce, "Malam, buhu nawa suka ba ka?"

Na tattara duk ƙarfin da nake da shi na ce, "Wallahi ya faɗi komai, Baba, ina wurin."

"Rufe mana baki, ɗan boko. Kai ba tuwon gwamnati kake ci a makaranta ba?"

Baffa ya sa na kai shi Gumel, muka sami wakilin a ofishin watsa labarai yana cin gyaɗa. Da Baffa ya ce an yanke maganarsa, bai ko musa ba. Ya ce, "Baba, ni ɗauka kawai nake yi. A birni ake yanka tef da reza, a haɗa. Gwamnati ta sayi rikodar nan, ita ke zuba wa mota mai, ita ke biyana albashi. Da kayanta kake so a kai ƙararta?"

Baffa ya ce, "To, yaro, ba ni sauran maganata in kai wa mutanena su ji."

Wakilin ya yi dariya har ya ƙware. "Tef tsada gare shi, Baba. An goge, an ɗauki kiɗa a kai. Amma sun ce muryarka ta yi daɗi."

Ta yi musu daɗi kuwa, domin da ita suka riƙa buɗe shirin kowane mako. Da buhunan agaji suka wuce ƙauyenmu zuwa wajen Sule Tankarkar, ba wanda ya san dalili, amma kowa ya ce Baffa ne ya jawo. Yara suka riƙa bin sa suna rera "dabbobi sai godiya", iyayensu ba su hana ba. Da ya kai saniyarsa ɗaya da ta rage kasuwar Maigatari, haƙarƙarinta duk a waje, yana buɗe baki wani dillali ya gane muryar. Ya kira 'yan'uwansa: "Ku zo ku ga saniyar mai rediyo! Wannan ce sai godiyar, Malam?" Ya sayar da ita yadda suka taya.

Daga nan ya daina amsa gaisuwa. A garinmu wannan ya fi zagi muni, sai aka ƙara masa da girman kai. Aka daina kiran sa shawara, aka daina matsa masa a tabarma.

Ranar da zan koma makaranta na same shi a zaure, na durƙusa na ce, "Baffa, ina kwana?" Ya dubi hannuwana ɗaya bayan ɗaya, kamar yana neman abin da na ɓoye. Ya kau da kai. Ina nan durƙushe aka kunna rediyo a gidan mai unguwa, na ji Baffa ta kan katanga, da ƙarfinsa na da, yana cewa lafiya lau.